Ragowar Farin Yadi

Kazaure, ranar Laraba,
ƙarfe uku da kwata na rana.

Baba,

Gaisuwa da ladabi irin wanda ka koya mini. Ina zaune a zaure a kan buzunka, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ga ƙunshin farin yadi a kan cinyata. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma, ni ne mai karanta maka boko. Amma ba ni da wanda zan gaya wa maganar nan ba tare da ya ce imanina ya yi rauni ba.

Gida lafiya. Geron gonarka ta Roni ya fitar da kai. Inna tana cikin takaba, ba ta cin abinci sosai. Sakamakon jami'a ya fito, na ci. Wani banki a Legas ya ɗauke ni, tun da yanzu kuɗin man fetur ya sa ko'ina neman ma'aikata ake yi. Ranar Litinin zan kama aiki, ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa a Kano. Sharaɗinsu a fili yake: farar shat mai dogon hannu, da laktaye. Malam Ilu tela ya ce in bai ga yadi gobe da safe ba, kada in sa rai.

Ka tuna yadin da ka sayo mini a Kano bara? Kai da ba ka taɓa sa shat ba, ka yi rabin yini kana zaɓe. Ka ɗaga shi a rana don ka ga ko saƙar ta yi sako-sako. Ka murza gefensa don ka ga ko sitaci ne aka lafta masa. Ka zare zare ɗaya ka ƙona, ya zama toka bai dunƙule ba, sannan ka yarda auduga ce zalla, babu roba. Ka sayi na riga shida, ka ajiye a akwati, ka hana almakashi ya taɓa shi sai sakamako ya fito.

Almakashi ya taɓa shi, Baba. Ranar da ka rasu a ƙauyen gona, ruwa ya yanke hanyar kasuwa, babu alawayyo a kusa. Akwatinka kuwa yana tare da kai, kamar kullum in za ka daɗe. Kawu Sale, ƙanenka, ya buɗe ya ɗauko yadin nan, da shi aka yi maka likkafani. Ina Zariya, ban iso ba sai da aka kai ka. Wallahi ban ga laifin Kawu ba. Da ina wurin, da hannuna zan miƙa.

Abin da ya rage yadi biyu da rabi ne. Na auna sau biyu. Daidai riga ɗaya. Jiya Inna ta ba ni shi, ta ce niyyarka ce, in cika maka ita, in sa shi ranar farko don albarkarka ta raka ni. Tun rasuwarka ban ga fuskarta ta saki ba sai jiya. Ta yaya zan ce mata a'a?

Ta yaya kuma zan sa? Gefe ɗaya yana nan da yankan Kawu, a karkace. In na ɗora yadin a kafaɗata sai in yi maza in sauke shi. Rabinsa yana jikinka a ƙarƙashin ƙasa, rabi zai zauna a jikina ina ƙirga kuɗin mutane, ina murmushi.

Yau da safe na je kasuwa in sayi wani a ɓoye. Mai shuɗi-shuɗi ya yi mini, banki ba su yarda da shi ba. Mai roba yana sheƙi, amma an ce zafin Legas dafa mutum yake yi a cikinsa. Na nuna wani fari, mai rumfa ya ɗan tsaga bakinsa ya ja ya yage, da na ji ƙarar sai na tsinci kaina a bakin titi. Ko na saya ma, Inna ta san yadinka da hannu, kuma ta ce sai ta ga rigar kafin in tafi.

Ban taɓa gaya maka ba, tsoron Legas nake ji tun kafin wannan. Amma ƙannena Hadiza da Bello suna makaranta, kuma yanzu ni ne kai a gidan nan. Don haka gobe bayan asuba zan kai wa Malam Ilu.

Ga abin da ban sani ba. Ban sani ba ko ya halatta mai rai ya sa ragowar likkafani, kuma na kasa tambayar liman. Ban sani ba ko Malam Ilu zai karɓa in ya ji asalinsa, ko kuwa in yi shiru. Ban sani ba ko hannuna zai iya ɓalla maɓallin wuya. Ban sani ba, da za a tambaye ka, ko za ka ce in sa, ko ka ce in bar maka kayanka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka.

Ni ne ɗanka mai jiran gari ya waye,
Isiyaku