Hannuwan Baba da Gawayi

Laraba, bayan isha'i, Goronyo

Na gaji. Kwana uku ke nan ina fama da hannuwan Baba a littafin zanena. Fensir ya ƙi fito da kaushinsu, ruwan ɓawon albasa da na gwada kuma ya jiƙa takardar har ta yage. Yau na ɗauko gawayi daga murhu, na zauna gefensa yana gyaran tarun kamun kifi.

Da na nuna mishi, ya daɗe yana kallo.

"Hannun wa na wanga?"

"Naka na, Baba."

"A'a, na mahaifina na, shekarar da ya bar shiga ruwa."

Sai ya juya tafukansa yana dubawa. Zanen ya yi kyau, amma na kasa murna. Ban san Baba ya tsufa haka ba.