Igiyar Rijiya a Ƙugun Surukina

Rikoto, Zuru
9 ga Maris, 2004

Zuwa ga matata Saloma,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya idon? Ina fata aikin da likitocin Kaduna suka yi ya kama. Ki gai da ɗanmu Mika da matarsa Rachel. Rachel, ke da za ki karanta wa surukarki wannan, ki karanta duka, ban da tsallake.

Albishirinki! 'Yarmu Keziah ta sauka ranar Laraba, namiji. Na ɗauke shi, ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Tun ranar nake yawo ina gai da mutanen da na riga na gaisar.

Amma akwai damuwa. Yarinyar ba ta cin abinci, ruwan nono ya ƙi zuwa sosai, jaririn kuma kuka yake yini. An yi kunun kanwa, an yanka kaza, an sayo busasshen kifin Yauri, da ta ji warinsa sai amai. Wai ba abin da ranta ke so sai romon ɗanyen kifi irin wanda ta saba sha a Fatakwal.

Ana haka sai ga mijinta Justice ya iso da hutun kwana goma. Na san sojan ruwa ne, ban san zai ɗauko ruwan ya zo mana da shi Zuru ba. Ya zo da tulun ƙarfe cike da iska, da gilashin fuska, da takalma kamar ƙafar agwagwa, da bindiga mai harba mashi da roba. Ya ce a gidansu uban jariri ne ke kamo kifin farko da hannunsa, gobe kuma zai nutse a tafkin duwatsu. Na ce masa mai shiga rijiya ma da igiya yake shiga a garin nan. Ya yi dariya, amma na kwance igiyar rijiyarmu na ajiye.

Naki,
Haggai

12 ga Maris

Saloma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina samun sauƙi. Ni dai raina a ɓace yake.

Shekaranjiya muka je tafki, ni da shi da maƙwabcinmu Malam Muntaka. Na ɗaura masa igiya a ƙugu da kaina. Ya shiga da baya kamar ƙaguwa, ruwa ya rufe shi. Ko ƙirga ashirin ban yi ba sai na ga kumfa na tasowa bul-bul. Saloma, kin san ranar da ƙanena ya nutse muna yara, kumfar nan ce abu na ƙarshe da na gani. Na yi ihu, ni da Muntaka muka ja da dukan ƙarfinmu. Muka fito da shi ƙafa sama, laka har cikin kunne. Ashe kumfar numfashinsa ce, idan ta tsaya ne ake tsoro. To wa ya gaya mini? A ajin yamma na manya malaminmu ya koya mana karatu da lissafi, bai koya mana cewa mutum na numfashi a ƙarƙashin ruwa ba.

Jiya muka shirya cewa sai ya ja igiya sau biyu kafin in ja. Na ji an ja sau biyu, na rantse an ja. Muka fizgo shi. Wai tarwaɗa ce ya soka cikin kogon dutse, kokawarsu ce ta girgiza igiyar, da muka ja ta suɓuce. Bai yi mini faɗa ba, yaron na da ladabi, sai dai ya nuna mini allurar da ke auna iskar tulun. Iskar da ta rage ta shiga ɗaya ce tak. Na ce mu kai wa mai facin taya ya cika, ya ce in ina so Keziah ta zama gwauruwa sai mu kai.

Abin da muka kawo gida ƙaguwa huɗu ne da dodon koɗi. Keziah ta tsotsi ƙaguwa ɗaya ta ajiye. Kukan jaririn ya fara dishewa. Laifina ne, na sani, amma ba zan bar uban jikana ya shiga ruwa ba igiya ba.

Ki yi mana addu'a.
Haggai

15 ga Maris

Matata Saloma,

Ina gaishe ki, ina gai da Mika da Rachel. Ki zauna da kyau kafin a ci gaba.

Ranar Asabar ya roƙe ni in bar igiyar a gida, na ƙi. Ya sa na yi alkawari a gaban Muntaka cewa ko me na gani ba zan ja ba. Ya nutse. Na naɗe igiyar a hannu na tsaya cikin rana. Kumfa ta yi yamma, ta yi nisa, har na daina ganinta, igiya kuwa shiru, ko motsi. Na rera waƙar coci baiti shida, na sake ta daga farko. Muntaka yana ta cewa mu ja, ina ce masa alkawari na yi. Hawaye na zuba, amma ban ja ba. Tun da aka haife ni ban yi aiki mai wuya irin wannan ba.

Sai na ji an gaishe ni daga baya. Na juya, ga Justice a tsaye ruwa na ɗiga, da tarwaɗa mai tsawon hannuna a kafaɗa. Ta ɗaya gaɓar ya fito ya zagayo. Igiyar kuwa tana hannuna, tana cikin ruwa. Ashe yana sauka ya kwance ta ya ɗaure a jikin dutse! Ni dattijo, uban matarsa, na tsaya rabin sa'a ina yi wa dutse addu'a. Muntaka ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yanzu duk Rikoto sun ji. Na kama hanyar gida cikin fushi, na bar su a baya.

Shi ya dafa romon da kansa. Keziah ta shanye kwano biyu ta nemi ƙari. Jiya Lahadi da rana na lura gidan ya yi tsit, na tsorata, na leƙa. Jikanki ne yake tsotso, yana haɗiya har ana ji daga bakin ƙofa, madara na gangarowa gefen bakinsa. Na koma bayan rumbu na yi kukana inda ba mai gani.

Wana ya sake tayar da maganar cewa yaron nan bai yi mana noman golmo ba, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya, kafin ya auri 'yarmu. Na ce masa yaron ya riga ya biya da kifin nan, kada in ƙara ji. Amma kada ki gaya wa Justice na faɗi haka, har yanzu fushi nake yi da shi.

In za ki taho ki sayo igiyar rijiya, mai kauri. Tamu tana can ɗaure a ƙasan tafki, iskar tulu ta ƙare, ba mai kwanto ta. Ki yi sauri ido ya warke, akwai wanda ya kamata ki fara gani da shi.

Mijinki,
Haggai, kakan yaro