Filafilin da ke Hancin Tumbun Ƙaya

Tumbun Ƙaya, 21 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Baba Goni, kasuwar tattasai, Diffa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai abin da na gani ranar Talata da safe.

Rana ba ta gama fitowa ba na kai ƙarshen tsibirin nan ta arewa, wurin da masunta ke kira Hanci, don ƙasar ta miƙe cikin ruwa siririya. A can ƙarshensa, bisa gaɓa mai tsawon mutum uku, na ga kabari guda ɗaya, an kafa filafilin tuƙa jirgi a wajen kai. Rana ta cinye itacen, ya yi fari ya tsage. Na durƙusa na goge shi da hannun riga. Baba, alamar gidanmu ce a jiki: ƙafar kaza da ɗigo a ƙasa, wadda muke yi wa buhunan tattasai a Geskeru. Da ƙusa mai zafi aka ƙona ta. Ka san hannun yayana Grema, kullum sai ya ja yatsan tsakiya ya fi sauran tsawo. Haka yake a nan.

Na zauna a wurin har rana ta yi zafi. Ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Shekara biyar ke nan da Ya Grema ya bar gona ya taho yin su a tafki shi da abokinsa Abbakar, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wata biyu ina bin tsibirai, wannan ne na tara. Wata mai banda, Hamsatu, ita ta ce mini akwai kabarin baƙo a Hanci, amma ba mai zuwa can. Lokacin da tafki ya ƙafe, itacen ƙaya ya cika wurin, yanzu ruwa ya dawo ya kashe shi a tsaye, baƙi ƙirin, yana yaga raga yana huda jirgi. Na roƙi Adamu mai jirgi ya kewaya da ni ta ruwa, ya ce, "Kai Kolo, jirgin nan ɗaya gare ni, kuma ba gwamnati ta ba ni ba." Sai na ɗauki adda na bi ta ƙasa. Safiya uku ina sara. Ƙaya ta shiga ta takalmi ta fito ta sama. Ba kowa a hanyar sai ƙasusuwan shanu da wasu baƙaƙen tsuntsaye masu shanya fukafukai a kan matattun rassa. Ko tashi ba sa yi in sun ga mutum.

Ina roƙonka kada ka gaya wa matar Ya Grema, Ya Yakaka, tukuna. Itace na gani, ban ga mutum ba.

Direban motar banda zai kawo maka takardar nan, shi za ka ba amsa. A gaida mutanen gida.

Ɗanka, Kolo.

Diffa, 29 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga ɗana Kolo.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Grema, Ya sa ya huta.

Ka ce kada in faɗa. Ni ƙanen ubanka ne, ba a ba ni irin wannan labari a ce in zauna a kansa. Na je Geskeru da kaina na shaida wa mahaifiyarku da Yakaka. Alamar gidanmu ba ta biyu, tun kakanku ake yin ta, babu buhun da ya taɓa ɓata da ita daga nan har Maiduguri. Me kuma kake jira?

Na ga alƙali. Ya ce a kawo filafilin da shaidu biyu, ya rufe magana. Ka san tun bara ya ce yana iya sallamar Yakaka daga auren, ita ta ƙi, wai sai ta san inda mijinta yake. To ga shi an sani. Ka ciro itacen ka taho kafin azumi, a yi sadaka. Tattasai ya nuna a gonarku, mata kaɗai ke tsinka.

Allah Ya yi maka albarka. Wassalam.

Babanka, Goni.

Geskeru, 2 ga Disamba, 1999

Kolo,

Ina gaishe ka, ya sanyin ruwa? Ummi ce ke rubutawa, ni nake faɗa. Ta ce in gaya maka rubutunta ya fi naka kyau.

Kada ka taɓa filafilin nan. Akwai abin da Baba Goni bai sani ba, na yi ƙoƙarin faɗa masa bai tsaya ji ba. Ana gobe za su tafi, baban Ummi ya zauna a bakin murhuna ya ƙona alamar a filafili biyu. Ni na riƙe masa ƙusar a wuta. Ɗaya nasa, ɗaya na Abbakar, don Abbakar ya ce su gidansu ba su da alama, a sa masa tamu kada a sace. Har na yi musu dariya na ce ku buhuna ne?

To ka ga wanda ke kwance a wurin ko nawa ne, ko na Inna Habiba, uwar Abbakar.

Na je na gaya mata, don ɗanta ne, ba zan ɓoye ba. Tun ranar ba mu iya haɗa ido. Shanyarmu kusa da juna take, muna baza tattasai tana can ina nan. Ni kaina ban san abin da nake roƙo ba. Da safe in ce Allah Ya sa ba shi ba ne. Da la'asar in ce Allah Ya sa shi ne, in huta. Na tabbata ita ma haka.

Shekara biyar ba ni da miji, ba ni da mamaci. Ummi ta tambaye ni ko ta sa babanta cikin addu'ar matattu. Ga ta nan tana rubutawa ba ta ɗaga kai ba.

Kai ne mai zama gaban tuwo har ya huce. Yau halin nan naka nake so. Kada ka zo mini da itace. Ka zo da gaskiya, ko ta ɗauki wata nawa.

Allah Ya tsare ka. Matar yayanka, Yakaka.

Tumbun Ƙaya, 19 ga Disamba, 1999

Ya Yakaka,

Assalamu alaikum, ya ibada, ya Ummi? Ki ce mata na yarda, ita ta yi lakwal, makarantar boko sosai, ni wata shida na yi a ajin manya.

Ban taɓa filafilin ba. Na nemo wanda ya binne shi. Wani dattijon Buduma ne, Mele, yana kiwo a tsibirin da ke gabas da mu. Na same shi cikin ruwa har ƙugu yana bin shanunsa. Ya ce shekarar da ruwa ya zo da ƙarfi, bayan wata iska ta kwana biyu, ya tsinci mutum a maƙale cikin ƙaya ƙarƙashin Hanci, filafili a hannunsa ya ƙi saki. Na ce dogo ne ko gajere? Ya ce, "Ɗana, wanda ya yi kwanaki a ruwa ba shi da tsawo, ba shi da fuska." Na ce ƙafarsa fa, ta hagu? Ya ce, "Na lulluɓe shi da tabarma, ban tsaya duban ƙafa ba. Da na san za ka zo da na duba."

Kin san ƙafar. Ranar da injin ban-ruwa ya faɗo masa a bakin kogin Komadugu ina wurin. Maɗori ya ɗora ƙaurin a karkace, shi ya sa yake ɗingishi. Abbakar kuwa ƙafarsa lafiya lau, shi ne mai tsere wa kowa.

Na je wurin Malam Lurwanu, limamin masunta, na ba shi labari. Kafin in rufe baki ya ce, "Kul! Ba a tone kabari don a kashe ƙishin sani." Na ce ban yi niyya ba. Sai na kai shi Hanci ya gani da idonsa. Ruwa yana hawa kullum, iska tana turo shi yana cin gaɓar ta ƙasa, saman ya rage a rataye, sai ka ji rim, ya rufta. Malam ya daɗe yana kallo. Ya ce, "In ruwa ya iso shi, wajibi ne a ɗauke shi a kai tudu. Amma sai ya iso. Kada ka taimaka wa ruwa ko da yatsa."

Na kafa sanduna daga bakin gaɓa zuwa kabarin, taku ɗaya sanda ɗaya. Sha huɗu ne. Kowace safiya ina zuwa in ƙirga. Yau saura tara. Wata rana ruwan ba ya cin ko ɗaya, wata rana ya ci biyu. Na san wurin nan yanzu kamar gonarmu. Akwai ramin damo a sanda ta shida. Akwai wata tsohuwar tukunya da gaɓa ta tofo, ta mutanen da suka zauna nan ba a san yaushe ba. Daga ƙarshen Hanci in ka dubi arewa ba ka ganin komai sai ruwa mai launin toka da kawunan matattun itatuwa har ƙarshen gani. Masunta suna kirana maigadin ruwa. Adamu ya ce in ya kama kifi mai ɗingishi zai kawo mini, sai ya ga fuskata, ya ce in yafe masa.

Ina zama kusa da kabarin in yi wa mai shi addu'a ba suna. Ki gaida Inna Habiba. Ki ce mata ko na wane ne, ba shi kaɗai yake ba.

Ƙaninki, Kolo.

Diffa, 27 ga Disamba, 1999

Kolo,

Bayan sallama. An ce mini kana zaune kana ƙirga sanduna. Mahaifiyarka ta rasa ɗa ɗaya a ruwan nan, kullum tana bakin hanya tana duban motocin banda. Mutane sun fara cewa tafki ya riƙe ka kai ma. Na ji zancen filafili biyu, kuma na yi gaggawa, na yarda. Amma in ruwan ya tsaya bai iso ba fa? Sai ka shekara? In Salla ta wuce ba ka zo ba, ni zan zo da tsufana.

Allah Ya shirye ka. Goni.

Tumbun Ƙaya, 13 ga Janairu, 2000

Zuwa ga Baba Goni, a karanta wa Ya Yakaka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, an yi Salla lafiya.

Jiya Laraba da hantsi sanda ta ƙarshe ta faɗa ruwa, gefen kabarin ya buɗe. Na aika aka kira mutane kafin in matsa kusa, don kada a ce ni kaɗai na gani. Adamu ya shigo da jirginsa cikin ƙayar, ban roƙe shi ba. Malam Lurwanu ya yi bisimilla muka ɗaga. Tabarmar ta zama ƙasa. Ƙaurin hagu a karkace yake, da ƙulli a tsakiya inda ya haɗe.

Ya Grema ne.

Hamsatu ta ba da farin ƙyalle muka naɗe shi. Mun kai shi kan tudun tsakiyar tsibiri inda ruwa bai taɓa hawa ba, aka yi masa salla. Filafilin na mayar masa a wajen kai, ba zan kawo shi ba. Mutane zan kawo.

Ya Yakaka, ki ce wa Ummi ta sa shi cikin addu'ar. Inna Habiba kuma kada kowa ya aika mata yaro, ni zan je da kaina. Ba ni da abin da zan ba ta, na zagaye Hanci ta ruwa da Adamu ban ga filafili na biyu ba.

Muna tasowa ranar Asabar in Allah Ya yarda. Allah Ya ba mu haƙuri. Wassalam.

Ɗanku, Kolo.

Ga waɗanda suka gani tare da ni, a gaya wa alƙali: Malam Lurwanu liman, da Adamu mai jirgi, su biyu za su zo Diffa. Da Hamsatu mai banda. Da Mele, wanda ya binne shi sau biyu, ya ce wannan karon ya duba.