Ƙofar Gaban Gidan Harlan

Caney Landing, Missouri
Farkon Afrilu, 1971

Zuwa ga 'yata Verlene,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Roscoe da yara. Yaya sanyin Chicago, ya fara sassautawa? Yaya tarin autanki? In kin tambayi tawa lafiyar, kalau nake, sai gwiwar nan da ba ta shiri da damina. Kogi ya cika har ya taɓa matakalar mashigar kwalekwale, amma bai hau gari ba. Mun gode wa Ubangiji.

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, kuma na karanta ta da kaina, sannu a hankali, yadda marigayiya uwarki ta koya mini. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da ƙugiya da igiya ne.

Na ga abin da kika ce. Wato Lorena 'yar Harlan Dabney ta rasa wanda za ta kira a waya sai ke da kike can uwa duniya, alhali ga ni nan tsallaken layin dogo. Ta ce ubanta yana kwance, likita ya ce zuciya ce kuma tafiyar ba ta da sauran nisa, wai sunana yake ta kira. Ke kuma kin ɗora da naki, Baba ka je, abokinka ne na yarinta. To, ki saurara.

Ban musa ba, abokina ne. Kwalekwale ɗaya muka tashi a ciki, kankana ɗaya muka sata, dūka ne kawai ba a raba mana daidai ba. Haka muke har muryarsa ta fara fashewa, ubansa ya tsayar da ni a bakin rumbu ya ce daga yau Mista Harlan ne. Daga nan Harlan ya tafi babbar makaranta, ya dawo ya rubuta littafin nan da ɗanki yake karantawa a aji, wanda kika ce malamarsu ta ce ba a taɓa rubuta abota tsakanin fari da baƙi kamarsa ba.

A cikin littafin, kin san wurin da yaron nan baƙi, wanda ya sa wa suna Zeb, ya zo da tarwaɗa a igiya ya ƙwanƙwasa ƙofar gaban gidan alƙali, matar alƙali ta fito ta bi shi da tsintsiya, ya gangaro daga matakala, kifi ya watse, kyanwoyi suka yi biki? Da uwarki take karanta mini ta zo nan sai ta dakata. Na ce ci gaba, Idella, na san ƙarshensa. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne, ba gidan alƙali ba ne. Gidan su Harlan ne. Shi da bakinsa ya ce mini in biyo ta gaba tunda ni abokinsa ne. Mai tsintsiyar uwarsa ce. Shi kuma yana tsaye a bayanta yana kallo, bai hana ta ba. Da ya zo rubutawa sai ya wanke uwarsa tas, ya cire kansa daga wurin, ya bar ni ni kaɗai da tsintsiya.

Masu ilimi sun ce zambo ne yake yi wa fararen fata. Ni ban shiga aji ba, amma na san in an yi zambo, wanda aka yi wa shi ke sunkuyar da kai. Tun da littafin nan ya fito ban ga fari ko ɗaya a garin nan da ya sunkuyar da nasa ba. Ni ake nunawa da yatsa. In na shiga kanti sayen gishiri sai wani yaro da na girmi ubansa ya ce, Zeb, ina kifin? Baƙi su zo daga nesa da abin ɗaukar hoto, su ce in riƙe tarwaɗa in yi dariya. Mai yi ya manta, wanda aka yi wa ba ya mantawa.

Duk da haka zan je. Amma tun ranar tsintsiya, duk shigar da na yi gidan nan ta ƙofar kicin ce, hula a hannu. Wannan karon ta gaba zan shiga, ko kuwa kada in shiga. Tunda Lorena waya take so, ki faɗa mata haka.

Ki gaida Roscoe, ki shafa mini kan yaran.

Ni ne mahaifinki,
Ozell Tarpley


Caney Landing
Tsakiyar Afrilu

Zuwa ga 'yata Verlene,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya a wajenku. Yaya aikin asibiti? Kada ki bari su cinye miki ƙarfi, kin san ba sa godiya. Safar da kika aiko ta zo, ta ɗan yi mini yawa amma tana da ɗumi. Allah ya yi miki albarka.

Na je. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, da kwat ɗina baƙa, na tsallaka layin dogo na bi titinsu. Matan unguwar suna zaune a barandarsu suna fifita, duk suka daina. Na hau matakalar nan, gwiwa tana ƙara, na ƙwanƙwasa.

Ba a buɗe ba. Sai ga Lorena ta ɓullo ta gefen gida da tsumma a hannu, ta ce, "Ozell, sannu da zuwa. Zagayo ta baya mana, wannan ba ta buɗuwa." Na ce a raina, an zo wurin. Amma da na duba sai na ga ba ƙarya ta yi ba. Kin san halin gidajen manyan nan, ƙofar gaba ta fasto ce da gawa, su kansu ta kicin suke shige da fice. Rabon da a buɗe wannan tun ranar da aka fitar da akwatin uwar Harlan. An shafa mata fenti a kan fenti har ya liƙe bakinta, danshin kogi ya kumbura katakon, zanzaro ya yi gini a kusurwa.

Lorena ta ce, "Wallahi ni ma ta baya nake bi. Likita ma ta baya yake bi." Na ce, "Ku kun zaɓa, ni an zaɓar mini."

Ashe gadon Harlan yana falo, dab da bayan ƙofar, don ba ya iya hawa bene. Sai na ji muryarsa, ta ƙanƙance amma ita ce.

"Wane ne zai rushe mini gida? Ozell, kai ne, tsohon jaki?"

Na ce, "Ni ne, tsohon maƙaryaci."

Ya ce, "Zagayo mana. Taurin kai zai kashe ka tun kafin zuciya ta kashe ni."

Na ce, "Ka buɗe."

Ya ce, "Kai fa ƙato ne. Sa kafaɗa ka banka ta."

Na ce masa, wato baƙar fata ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar farar fata da rana tsaka, matan unguwa suna kallo, don ka samu abin rubuta littafi na biyu ina gidan yari? Ban da haka ma, ni ba kafinta aka kira ba. Baƙo ne ni, baƙo kuwa buɗe masa ake yi.

Ya yi dariya, Verlene. Irin dariyarsa ta dā, wadda yake yi in kwalekwale ya kife da mu. Sai dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Lorena ta ruga ta baya. Na tsaya da tafin hannuna a jikin ƙofa ina jin yana neman numfashi, tsakanina da shi bai fi kaurin katako ba. Da na zagaya da tuni ina kansa. Ban zagaya ba.

Da abin ya lafa na zauna a kujerar baranda. Lorena ta kawo mini kofi ta gefen gida, idonta ja. Na sha, don kofi bai yi mini laifin komai ba. Ba ta sake cewa in zagayo ba, ni ma ban sake cewa a buɗe ba. Da inuwa ta juya na ɗauki hulata na dawo.

Na san abin da za ki ce, ki riƙe abinki. Fasto ya riga ki, ya zo ya ce ƙofa ƙofa ce, kuma mutuwa ba ta jira. Na ce masa in ƙofa ƙofa ce, me ya sa aka yi guda biyu? Sai dai ba zan ɓoye miki ba, tarin nan ya biyo ni gida. Ina gyaran taru ina jin sa. Ina tsoron a buɗe ƙofar nan don a fito da shi tun ba a buɗe don in shiga ba. Amma in na bi ta kicin yanzu, to duk abin da ya rubuta a kaina ya tabbata ke nan, kuma da ƙafata na sa hannu.

Ki sa shi cikin addu'a. Ni kuwa ba na bukata, amma in kin sa ni ba zan hana ki ba.

Mahaifinki,
Ozell


Caney Landing
Ƙarshen Afrilu

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata Verlene,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan gida. Ina fatan zafin da kika yi a takardarki ta baya ya huce. Ban ji haushi ba, halin uwarki kika ɗauko, ita ma da ihu take nuna so. Ruwan kogi ya fara ja, an fara shuka auduga a gonakin ƙasa. Ni lafiya lau.

Jiya da hantsi ina bayan gida sai na ji ana sallama. Lorena ce, a ƙafa, ba a mota tana danna oda daga titi yadda suka saba ba. Hannunta a naɗe da ƙyalle. Ta ce, "Baba ya ce ka zo yau, kada ka bari sai Lahadi." Na tambayi hannun. Ta ce wuƙar kicin ce, tun ranar da na tafi ubanta ya sa ta kankare fentin bakin ƙofa, ya hana ta kiran kafinta, wai ƙofarsa ce kuma baƙonsa ne.

Na sa kwat muka tafi. Ita ta bi ta baya, ni na hau matakala na ƙwanƙwasa. Na ji suna gardama a ciki, tana cewa likita ya hana, yana cewa likita ya zo ya kwanta a gadon in yana so. Sai na ji jan ƙafa. Mariƙin ƙofa ya juya. Suka ja, ta ƙi. Suka sake ja, ta yi wani kuka kamar saniya, busasshen fenti yana zubo mini a hula. Hannuna yana ƙaiƙayi in tura, ko da yatsa ɗaya. Na sa shi a aljihu. A ja na gaba ta buɗe, ba duka ba, daidai yadda mutum zai shige a karkace.

Ga Harlan cikin rigar barci, ya rataye a jikin mariƙi, ya rame kamar sandar tuƙa kwalekwale. Ya ce, "Shigo, jaki, kafin in faɗi." Na shige a karkace, maɓallin kwat ɗina ya tsinke. Na ɗauke shi na kai gado. Bai fi nauyin autanki ba.

Da numfashinsa ya dawo muka yi magana. Shi ya fara. Ya ce, "Don fararen fata su ji kunya na rubuta littafin nan, Ozell." Na ce, "Sun ji?" Ya ce, "A New York sun ji." Na ce, "Ni ba a New York nake sayen gishiri ba." Ya yi murmushi, bai musa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cin raina. Na ce me ya sa ka kai abin gidan alƙali? Ya kalli rufi. Ya ce, "Uwata ce, Ozell." Na ce, "Na sani. Ni ma ɗan wata ne."

Bai ba ni haƙuri ba, kada ki ɗauka an yi irin ta cikin coci. Hannun kwat ɗina kawai ya kama ya riƙe, bai sake ba har barci ya ɗauke shi. Ni ma ban ce na yafe ba, ba a tambaye ni ba. Littafin yana nan yadda yake, yaran kanti ba za su daina ba. Amma na zauna a falon nan a kujera mai laushi, Lorena ta kawo kofi a kofin manyan baƙi mai bakin zinariya.

Da na tashi tafiya sai ga wata sabuwa. Ƙofar ta sauka ta ciji daɓe, ba gaba ba baya. Lorena ta tura iya ƙarfinta, ta ƙi rufuwa. Ta dube ni ta ce ko zan ɗan duba mata. Kafin in buɗe baki Harlan ya ce daga gado, ido a rufe, "Ki ƙyale shi, baƙo ne. Ki bar ta haka, masu ɗaukar akwati za su gode." Ta rataya labule saboda sauro, iska tana ɗaga shi, duk wanda ya wuce a titi yana hango cikin falo. Matan unguwa sun samu abin yi.

Likita ya ce abin kwanaki ne. Ki nemi hutu a wurin aiki, ki zo da baƙar rigarki. Ni gobe da safe zan koma, in Ubangiji ya kai mu, shi da ni. Ba sai na ƙwanƙwasa ba.

Ki gaida Roscoe da yara. Allah ya kiyaye hanya.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Ozell Tarpley