Wurin Zamana a Bayan Babur

Anti, don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma kada ki ajiye takardata a ƙasan tari, domin abin da ke damuna ya kusa barin gida.

Ni tela ce, ina ɗinki a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu, shekaruna sun ɗan haura hamsin. Maigidana aikin gyaran injinan ruwa ya yi har ya yi ritaya bara, duk unguwa Injiniya ake ce masa. Yara sun tashi, auta ma an kai ta ɗakinta. Babban ɗanmu yana aiki a wata ƙasa mai nisa a bakin teku, ya haihu, jikan har ya fara tafiya ba mu taɓa ganinsa ba sai a waya. To, maigida ya ce zai je ya gan shi, kuma a kan babur zai je.

Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane. Muna sabon aure yana da wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. A kansa yake kai ni gidanmu ya ɗauko ni. Wata rana muna hanya ya ce mini idan yara sun girma, zai goya ni mu yi ta tafiya har sai hanya ta ƙare a ruwa. Dariya na yi. Amma wallahi Anti ban taɓa mantawa ba, kuma ban taɓa tuna masa ba.

Ni mace ce mai baki, wannan kam na sani. Ranar da ya faɗi niyyarsa na ce masa tsufa ne ya zo masa da rigima. A gaban masu kawo ɗinki ma na sha faɗa cewa duk macen da ta yarda ta zauna a bayan wannan abin na makonni, ba ta son ƙugunta. Ana dariya, shi ma yana murmushi yana goge hannu da tsumma. Ni a wasa na ɗauki abin.

Tsakar gidana yanzu gareji ce. Farantina na baƙi ya zama wurin wanke noti da kananzir, rannan filogin babur na tsinta a kofin shayina. Ya sauya tayoyi, ya sauya sarƙa, ya ɗaure sabuwar wayar birki da ta kuloci a gefen tsofaffin, wai idan ɗaya ta tsinke a daji ba sai ya zazzage jaka ba. Kullum da hantsi sai ya kwance tayar baya, ya ciro tib, ya yi faci, ya mayar, da kayan aikin da zai tafi da su kaɗai. Sufanar da bai taɓa ba a wannan gwajin sai ya jefa ta gefe, ya ce ba ta da wurin zama. Mutumin da ko allura yana auna nauyinta a tafin hannu, sai ga shi duk abin da na miƙa masa karɓa kawai yake yi.

A nan na cuci kaina. Ni na ce ba zai sayi jakar kasuwa ba ina raye. Na samo tamfol mai kauri na ɗinka masa jakunkunan gefe biyu, ɗinki biyu-biyu, allurai sun karye mini ba adadi. Sai na tuna sanyi, na ƙara bargo. Na tuna ruwan sama, na ƙara rigar ruwa. Ga ɗan risho da butar shayi, ga maganin hawan jininsa, ga filo saboda wuyansa, ga kayan jika da na yi ta ɗinkawa kamar za a buɗe shago. Kaya suka ƙi shiga. Na ɗauko tef ɗina na auna kujerar baya da hannuna, na ɗinka jaka ta uku, babba, ta zauna daram a kan kujerar kamar tare aka ƙera su. Ya yaba, ya yi godiya. Washegari ya kai babur wurin mai walda, aka kwance matakan ƙafa na mai zama a baya, aka yi wa jarkar mai mazauni a wurin. Ya dawo da matakan gida, ya shafa musu baƙin mai, ya naɗe a tsumma ya sa a akwatin kayan aikinsa.

Da na ga haka gabana ya faɗi. Ashe duk watannin nan a raina ni ma ina cikin tafiyar, jira kawai nake yi ya ce in shirya.

Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. In fara ɗinki in tashi in leƙa babur, in dawo in tarar na haɗa hannun riga a baibai. Wata amarya sau biyu ina farke mata wuyan riga. Shekaranjiya da ya fita, na sauke jakar na hau kujerar don in ji yadda take. Gwiwata ta yi ƙara, na daure na zauna, ina riƙe da iska a inda bayansa zai kasance. Sai ga wata mai kawo ɗinki ta yi sallama ta same ni a haka. Na ce mata awo nake yi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙanwata ta ce in zauna in kama girmana. Ɗanmu ya ce zai turo mini tikitin jirgi in riga babansa isa. Ba su gane ba. Jikan ina son ganinsa, amma hanyar nake so. Shekara talatin ina kallon bango ɗaya ta saman keken ɗinki, ina so in ga abin da ke bayan gari da idona, kuma a bayan mutumin nan nake so in gani.

Amma ina tsoro. Ban taɓa wuce rabin yini a kan babur ba. Idan na tambaya ya ce a'a, ban san inda zan sa raina ba. Idan kuma ya ce to don tausayi, na zame masa kaya a hanya, wannan ya fi ciwo. Har shaiɗan ya raya mini in sassauta ɗinkin jakar yadda za ta yage ranar tafiya, a ɗaga tafiyar. Takardunsa na tafiya sun fito, ƙarshen watan nan zai tashi. Anti, in yi magana ne ko in haɗiye in yi masa addu'a daga bakin ƙofa?

Taki,
Tela mai farke ɗinki

'Yar'uwata Tela,

Da farko, ki bar ɗinkin jakar nan yadda yake. Jakar da aka sassauta ba ta san ranar tafiya ba, tana iya yagewa yana gudu, igiya ta shiga taya. Ki cire wannan tunanin gaba ɗaya.

Yanzu mu yi wa Injiniya adalci. Kin ce masa mace mai son ƙugunta ba za ta hau ba, kin faɗa a gaban jama'a, kin maimaita. Sannan kika auna kujerar da kanki kika cika ta da kaya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba abin da allurar inji ta nuna, me kike so ya karanta? Ke kina jiran gayyata, shi kuma mai yiwuwa tun ranar farko ya ɗauka an ba shi amsa. Matakan da ya shafa wa mai kuwa, kada ki gina gida a kansu. Masu gyaran inji ko tsohon noti ba sa yarwa.

Akwai kuma abin da ba za ki so ji ba. Yana iya zama yana son tafiyar shi kaɗai. Wanda aka yi shekaru ana buga masa ƙofa a ce ruwa ya ɗauke, yana iya marmarin 'yan makonnin da babu mai kiransa. Wannan ba ƙinki ba ne. Yana iya zama kuma tsoro yake ji, domin faɗuwa da kaya daban, faɗuwa da uwar 'ya'ya daban. Ni daga nan ba zan san wanne ne ba. Ke ma ba za ki sani ba sai kin tambaya.

Don haka ki yi magana, a makon nan, kafin ya gama ɗaure kaya. Ki zaɓi lokacin da babu sufana a hannunsa kuma babu mai kawo ɗinki a kusa. Kada ki zolaye shi, kada ki fara da alkawarin da ya yi kuna yara, domin zai ji kamar tuhuma. Ki ce masa kina so ki je, kina tsoro, kuma kin fi son gaskiyarsa da tausayinsa.

Idan ya yarda, aiki ya dawo sabo, kuma ki shirya rabuwa da rabin abin da kika tara. Kowane babur yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, sai a duba shakazoba mai tare girgiza da birki da iskar taya don mutum biyu. Kayan jika a aika ta mota. Ki sami hular kwano daidai kanki, ba aro ba, da takalmi rufaffe da riga mai kauri. Ki ga likita kan gwiwar, ki nemi takardunki tun yanzu. Sannan ku yi gwaji da cikakken kaya: ku fita yini guda, ku kwana a wani gari, ku dawo. Jikinki zai faɗa miki abin da ni da ƙanwarki ba za mu iya faɗa ba. Idan jikin ya ƙi, akwai tsaka-tsaki: ki karɓi tikitin ɗanku, ku haɗu a gari na ƙarshe kafin teku, ya goya ki ragowar hanyar. Ɗaga tafiya da wata guda ma ba abin kunya ba ne.

Idan kuma ya dube ki ya ce yana son ya tafi shi kaɗai, zai yi ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki yi kukanki, ki sallame shi da fuska a sake. Wannan ciwon yana warkewa. Wanda na fi ji miki tsoro shi ne ya dawo bayan watanni yana ba ki labarin hanya, ya ce sau da yawa ya so a ce kina nan, amma ya san ba za ki taɓa yarda ba.

Allah ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya tsare hanya, ya haɗa ku da jikanku lafiya.

Antinku