Rabin Kwalin Maganin Umma

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba da yara. Allah Ya sassauta ciwon gwiwar nan. Maigidana yana gaishe ki.

Inna, ranar da na raka yayarki Umma asibiti karɓo sakamakon gwaji, da littafi na tafi, wai don zaman jira. Ina tsakiyar labarin masoya biyu da suka ɓace wa juna a tasha aka kira mu. Likita ta juyo mana kwamfuta, ta ce ƙullin da ke nonon Umma na hagu ciwon daji ne. Umma ta gyara mayafi, ta tambaya ko za ta iya ci gaba da wanka da ruwan zafi. Ni kuwa yatsana na cikin littafin, kada shafi ya ɓace. A littattafai nan ne ake zubewa a sume. Ni har yau ban yi kuka ba. Ina girki, ina shanya, kamar wata aka aiko ta yi a madadina.

Likitar ta tambayi abin da Umma take sha, muka nuna mata ƙwayoyin da aka rubuta mata tun ɗaukewar al'ada, na zafin jiki da zufa. Da ta ji Kaka mahaifiyarku ma ciwon nono ne ajalinta, sai ta ajiye biro. Ta ce maganin yana taimakon mata da yawa, amma yakan ƙara haɗarin ciwon, kuma abin da mace ta gada a jini yana da hannu. Ba ta ce shi ya jawo ba. Ta ce dai 'yar gida irin namu ba ta shansa sai an duba ta.

Umma ba ta gaya mata ke ma kina sha ba. Kin san yayarki, ko ƙwai ɗaya ne sai ta raba da ke. Tun da kika ce kina buɗe firij ki tsaya shan iska take aiko miki rabin kowane kwali. Jiya ta miƙo min naki, ta ce in aika kamar kullum, kada ki ji komai sai an yi mata aiki, wai ke da raki.

Ki gaida Baba, da Yaya Babba da amaryarsa, da Auta sarkin barci.

Maganin da ke hannunki, ki kai wa likita ya gani, ki faɗa masa ciwon Kaka da na Umma. Wannan rabin kuwa ba zan aiko ba, kuma yau zan gaya wa Umma na faɗa miki.

'Yarki.