Ciwon Mahauci a Cikin Wayar Dillali

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da rajistar marasa lafiya ta na'ura a ƙananan asibitocin shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ranka ya daɗe yana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikata baki ɗaya.

Sunana Habu, dillalin awaki da tumaki ne ni. Ina cin kasuwar Babura da ta Kazaure, idan kaya sun yi kyau har Roni da Gwiwa nakan leƙa. Bokona ya tsaya a aji uku na sakandare, amma ya ishe ni karanta saƙon Turanci a waya, kuma wannan ɗan karatun ne ya ja mini abin da zan faɗa. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinka ana cewa kana taro. Mu a kasuwa, idan ka zo sau biyu aka ce mai kaya ya zaga, ka san ba ya son cinikin.

Na ɗaya: yadda lambata ta zama ta gari.

Da kuka kawo na'urar rajista asibitin garinmu, wadda ake riƙewa a hannu kamar allo, doka ta fito cewa ba a buɗe wa kowa kati sai ya ba da lambar waya. Ban san ko wanda ya tsara wannan ya taɓa kwana a ƙauye ba. A wurinmu gida guda waya guda, wani gidan ma babu. To mutanenmu suka yi abin da suka saba tun zamanin wasiƙa, lokacin da ake rubuta "ta hannun wane": suka ba da lambar wanda ake samu. Ni kuwa sana'ata ba ta yarda in kashe waya ba, lambar tawa ma da gawayi take rubuce a jikin rumfata. Tsofaffi, matan aure, Fulanin rugagen bayan gari, kowa sai ya ce a sa ta Habu. Yawancinsu ba su ko tambaye ni ba. Ma'aikaciyar rajista kuma ta yi ta shigarwa, na'urar ba ta taɓa tsayawa ta ce yaya mutum ɗaya zai zama mai ciki, ya zama jariri, ya zama dattijo mai hawan jini ba.

Ban ɓoye maka ba, da farko daɗi na ji. Saƙo ya shigo cewa wance ta zo awo, ko a kawo ɗan wane rigakafi, in bi in sanar, a yi ta sa mini albarka. Har tsokanata ake yi da likitan awaki.

Na biyu: saƙon da bai kamata ya zo mini ba.

Akwai wani aminina mahauci, zan kira shi Malam Iro. Ba sunansa ba ne, garin ma ban faɗa ba. Tun muna samari nake kai masa dabbobi. Bayan ƙaramar sallah ya yi ta tari, ya je asibitin aka karɓi kakinsa, shi ma lambata aka sa a katinsa. Rannan ina tsakiyar ciniki sai ga saƙo: cikakken sunansa, sunan garinmu, da sunan ciwon ƙuru-ƙuru, wato tarin fuka, ya zo ya fara magani. Ba a ce ya zo ya ga likita kawai ba, a'a, komai aka zazzage. Na goge gumi, na sa wayar a aljihu, na bi shi bayan kwata inda babu kowa, na gaya masa a hankali. Ya roƙe ni da girman Allah kada maganar ta fita. Na rantse masa. Ko uwargidana ban gaya wa ba. Washegari ya je ya karɓi magani, aka ce masa wata shida zai yi yana sha, kuma idan ya dage zai warke sarai.

Na uku: kiran da ya sa na fara zargi.

Kwana uku da wannan sai wani ya kira ni, murya lumui kamar mai tallan turare. Ya tambaya ko da Malam Iro yake magana. Na ce ya faɗi saƙonsa. Sai ya ce yana da haɗin gargajiya na tarin fuka wanda ya fi ƙwayar asibiti saurin aiki, zai aiko a motar haya. Na tambaye shi wa ya ba shi lambar, ya ce wani bawan Allah. Na ce wane bawan Allah, ya kashe. Na sake kira, a rufe.

Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan ya san suna, ya san ciwo, kuma lambata ya kira yana zaton ta Iro ce. A duk faɗin duniya wuri ɗaya ne sunan Iro da ciwonsa da lambata suke zaune a layi guda, kuma ba bakina ba ne. Ni da a ce ni na sayar da labarin, ai ba zan ba da lambar kaina ba.

Na huɗu: abin da ya samu Iro.

Kasuwa ba ta sake zagayowa ba sai da maganar ta cika gari. Masu sayen nama suka riƙa wuce teburinsa suna kau da kai. Mai tuwo-tuwon da ta shekara tana karɓar kayan ciki a wurinsa ta koma wani tebur. Sarkin fawa ya kira shi gefe ya ce ya ɗan huta tukuna. Wannan ban ga laifinsa ba, da a ce a asirce aka yi, da hutun kwanaki ne ya dawo. Amma yanzu ko ya warke, wa zai goge sunan?

Iro ya same ni a rumfa a gaban jama'a. Ya ce mu uku muka san maganar, shi da Allah da ni, kuma shi bai faɗa ba. Ya ce dama bakin dillali ba ya riƙe ruwa. Wasu a wurin suna murmushi. Na so in ce masa akwai na huɗu, amma yaya za ka fahimtar da mutum mai zafin rai cewa allon roba ne ya yi da shi?

Abin da ya fi damuna ba zagin ba ne. Tun daga ranar ya daina zuwa karɓar magani. Ya ce ba zai sake taka asibitin da aka tona masa asiri ba, kuma ko saƙon mutuwa ne kada in kawo masa. Ba sai na gaya maka abin da ke faruwa da mai tarin fuka idan ya yanke magani a tsakiya ba, kai ne masani. Yana da mata da 'ya'ya biyar a gida ɗaya da shi.

Na biyar: abin da idona ya gani.

Na je asibitin na zauna a benci kamar mai jiran layi, ina kallo yadda nake kallon akuya kafin in taya. Lambar sirrin buɗe na'urar a rubuce take a takarda, an manna a bayanta. Cikin awa ɗaya ta bi hannu huɗu. Da na tambaya ina ake cajinta tunda solar asibitin ta lalace, aka ce shagon cajin waya na bakin tasha ake kai ta. Na je, na gan ta a kan teburin shagon tsakanin wayoyin 'yan acaɓa, takardar na nan a bayanta. Ban ce mai shagon ne ba. Ban ce ma'aikaciyar ce ba, baiwar Allah ce mai kirki, kwana kaɗan aka koya mata danna na'ura aka sako ta. Ban kuma ce wani ne can sama da ke ganin komai daga ofis ba. Ban kama hannun kowa ba, kuma ba na yin shaidar zur. Amma ƙofar da aka bari a buɗe haka, mai gida ake fara tambaya kafin ɓarawo. Kuma ina tambayar kaina: sauran da ke ƙarƙashin lambata, da na sauran garuruwa, wa ya riga ya kwafe su?

Ga roƙona.

An ce na'urar tana ajiye tarihin duk wanda ya buɗe katin mutum da lokacin da ya buɗe. Idan gaskiya ne, a duba na Iro a gaya masa, shi kaɗai. Idan kuma ba ta ajiyewa, a fito a faɗa, mu san irin rariyar da muke zuba sirrinmu a ciki.

A daina rubuta sunan ciwo a saƙon waya. A ce wane ya zo asibiti, ya wadatar.

A cire lambata daga katin duk wanda ba iyalina ba, kuma a samar wa marasa waya hanyar da ba sai sun ari ta wani ba. A gyara solar. Masu koya wa ma'aikata na'ura su haɗa da darasin riƙon amana, don dannawa ba ta da wuya.

Babban roƙona shi ne na ƙarshe. A tura ma'aikacin lafiya babba, wanda ba ɗan garinmu ba, ya je gidan Iro da maganinsa a hannu, ya ce masa ɓarakar daga wajenku take. Wanke ni da za a yi, ina so, ba zan yi ƙarya ba. Amma ko ba a wanke ni ba, a sa shi ya koma shan ƙwayar nan. Yau da safe ma saƙonku ya sake shigowa wayata, karo na huɗu, cewa Malam Iro bai zo karɓar magani ba. Na karanta, na wuce ta ƙofar gidansa ina jin tarinsa daga zaure, ban iya yin sallama ba.

Allah ya ƙara wa ranka ya daɗe lafiya da basira, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka, ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Naka,
Habu Dillali,
daga yankin Babura.